BABI NA UKU: IRE-IREN SHAFUKAN KIWON LAFIYA NA INTANET DA BUƘATUN MAJINYATA A YANKIN JANGERU

3.0 Shimfiɗa

A babi na biyu an dubi hanyoyin da Bahaushe ya gada na neman bayani a kan cuta da magani, tun daga wanzami da ungozoma da maɗori, har zuwa mai shela da gidan rediyo. Wannan babi kuwa zai karkata ne ga shafukan kiwon lafiya na intanet. Za a kasa su gida-gida, ta la'akari da wanda ya kafa shafin da kuma abin da yake nema ga mai karatu. Daga nan sai a auna kowane kashi da buƙatun majinyata na garin Jangeru da ke ƙaramar hukumar Shinkafi, tare da maƙwabtansu na Zurmi da Ƙauran Namoda, a arewacin Jihar Zamfara.

Ya kamata a faɗi tun farko cewa Hausawa kan yi amfani da kalmar majinyaci ga marar lafiya, su kuma yi amfani da ita ga mai kula da shi. A wannan babi an bar kalmar da ma'anoninta biyu, domin a wannan yanki da wuya a ce marar lafiyan ne da kansa ke duba shafin. Galibi ɗansa ne, ko ƙanensa ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko mai kemis na unguwa, ko wani ɗan'uwa da ke ci-rani a Legas. Shi zai karanta da Ingilishi, ya juya zuwa Hausa gwargwadon fahimtarsa, ya aiko da saƙon murya. Ke nan bayani yakan bi ta hannu biyu ko uku kafin ya kai ga wanda ke kwance.

3.1 Abin da Majinyaci ke Neman Sani

Ba a iya auna amfanin shafi sai an san tambayar da aka zo masa da ita. Tambayar farko ga duk wanda ciwo ya shigo gidansa ita ce sunan ciwon. Bahaushe ba ya samun natsuwa sai an raɗa wa abin da ke damunsa suna, domin sunan ne ke nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan aka ce iska ce, wajen malami ko boka za a nufa. Idan aka ce karaya ce, sai gidan maɗori. Idan kuwa aka ce taifot ne, kemis za a fara zuwa.

Tambaya ta biyu ita ce mafi nauyi a wannan yanki, wato ko ciwon ya kai a ɗauki marar lafiya nan take, ko zai iya kai safe. A birni wannan tambaya ba ta da tsada, mutum zai tari a-daidaita-sahu ya tafi. A Jangeru da ƙauyukan da ke kewaye da ita abin ba haka yake ba. Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, fita da dare a kan babur kasada ce da rai. Uban da zazzaɓi ya rufe ɗansa da tsakar dare haɗari biyu yake aunawa, na ciwo da na hanya. Abin da zai amfane shi a wannan lokaci shi ne sanin alamomin da likitoci suka ce ba a jira da su. Ga yaro akwai jijjiga, da kasa shan nono ko ruwa, da amayar da duk abin da aka ba shi, da fita hayyaci, da numfashi sama-sama tare da faɗawar ƙirji, da sanƙarewar wuya. Ga mai ciki akwai zubar jini, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da naƙudar da ta wuce awa 12. Duk shafin da ya cika mai karatu da tarihin cuta da sunan ƙwayar da ke kawo ta, amma ya ɓoye waɗannan alamomi a can ƙasa, to bai amsa tambayar wannan uba ba.

Sauran buƙatun sun haɗa da sanin inda za a je da abin da za a kashe, da yadda ake shan maganin da aka rubuta, da abin da za a ci ko a ƙaurace wa. Akwai kuma buƙatar masu ciwon da ake zama da shi shekara da shekaru, kamar sikila da ciwon suga da hawan jini da farfaɗiya, waɗanda tambayarsu ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Haka nan akwai tambayoyin da kunya ke hana yi a gaban mutane, kamar na ciwon sanyi da yoyon fitsari da rashin haihuwa. Wannan kashi na ƙarshe shi ya fi kai mutane intanet, kuma kamar yadda za a gani a gaba, a nan ne aka fi cutar su.

3.2 Shafukan Hukumomi

Kashi na farko shi ne na shafukan da gwamnatoci da manyan hukumomin lafiya suka kafa. Daga ciki akwai na Hukumar Lafiya ta Duniya, da na hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Nijeriya, wadda aka kafa a 2011 aka kuma sa hannu a dokarta a 2018. Daga ƙasashen waje akwai MedlinePlus, wanda babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya buɗe a 1998, da shafin hukumar NHS ta Ingila. Waɗannan shafuka ba sa sayar da kome, kuma masana ne ke duba abin da ke cikinsu. Ta fuskar inganci babu kamarsu.

Matsalarsu ita ce harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana aiki da harsuna shida ne a hukumance, wato Larabci da Sinanci da Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Sifaniyanci. MedlinePlus ya dogara ne ga Ingilishi da Sifaniyanci. Rahotannin NCDC na mako-mako da Ingilishi suke fita, cike da jadawali da taswira, kuma a gaskiya ma'aikatan lafiya da 'yan jarida aka yi dominsu. Hukumar ta fitar da wasu sanarwoyi da Hausa a lokacin annobar korona ta 2020, tana kuma da lambar kira kyauta, 6232, amma wannan bai mayar da shafin ya zama na majinyaci Bahaushe ba.

Annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 ta isa misali. A ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ganin ta a ƙarshen 2016, kafin ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja. Kafin ta lafa an ƙidaya sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki. Abin lura a nan shi ne, tun daga 2011 aka yi gangamin allurar rigakafin sanƙarau a jihohin Arewa, amma ta nau'in A ce. Wanda ya ɓarke a Zurmi nau'in C ne, wanda waccan allura ba ta karewa daga gare shi. Wannan bayani yana nan a rubuce a shafukan hukumomi. Sai dai ga iyayen da suka san an yi wa 'ya'yansu allura, abin da ido ya gani shi ne an yi rigakafi kuma ciwo ya zo. Kalmar sanƙarau ɗaya ce a Hausa, ba ta rarrabe A da C. Idan ba a sami wanda ya warware wannan da harshen mutane ba, abu ne mai sauƙi su yanke hukunci cewa allurar ba ta aiki. Sai a 2024 Nijeriya ta fara amfani da sabuwar allura mai karewa daga nau'i biyar a lokaci ɗaya, ita ce ma ƙasa ta farko da ta yi haka.

Har wa yau akwai matsalar ma'auni. Shafukan hukumomi kan ce a zuba garin gishiri da suga na asibiti a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledarsa, sau da yawa lita ɗaya. Idan babu garin, shawarar da aka fi sani ita ce ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Matar ƙauye ba ta auna ruwa da lita. Da moɗa take aunawa, ko kofin silba, ko kwanon sha. Idan ruwan ya yi kaɗan gishiri zai yi yawa, kuma wannan na iya cutar da yaro mai gudawa maimakon ya taimake shi. Da za a ce mata ledar fiya-wata biyu, ta rabin lita kowace, da an gama magana. Shafin da aka rubuta a Janeba ba zai san da wannan ba.

3.3 Shafukan Asibitoci da na Ƙungiyoyin Agaji

Manyan asibitocin da mutanen wannan yanki ke dogaro da su idan ciwo ya fi ƙarfin Shinkafi ko Ƙaura su ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wani lokaci har Shika ta Zariya ko Kano. Bisa al'ada shafin asibiti yakan ƙunshi tarihin kafuwarsa da sunayen sassa da na shugabanni da sanarwar ɗaukar ma'aikata. Wanda zai taso daga Jangeru kuwa so yake ya san ranar da likitan ƙashi ko na ido ke ganin mutane, da kuɗin kati, da ko sai ya zo da takarda daga ƙaramin asibiti. Waɗannan har yanzu a bakin direbobin tasha da waɗanda suka taɓa zuwa aka fi samun su.

Ƙungiyoyin agaji su ma suna da shafuka, kuma a nan ne aka fi samun labarin wannan yanki da sunansa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi shekaru tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta bayyana cewa a gwajin da ta yi tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha a watan Yunin 2024, an auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, aka sami fiye da ɗaya cikin huɗu suna fama da tamowa. Wannan bayani ne mai muhimmanci, amma idan aka dubi yadda aka tsara shi za a ga an fuskanci masu ba da gudummawa da gwamnatoci ne. Wato magana ce a kan mutanen Shinkafi, ba magana da su ba. Wannan ba aibi ba ne, domin ba a jinya sai da kuɗi. Aikin wayar da kan iyaye ƙungiyar kan yi shi ne baki da baki a asibiti da ƙauyuka.

3.4 Shafukan Kafofin Watsa Labarai

Wannan shi ne kashin da ya fi kusa da haɗa inganci da harshen Hausa. Sassan Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da DW ta Jamus, da RFI ta Faransa wanda ya fara a 2007, duk sun buɗe shafuka, haka ma jaridu irin su Aminiya. Sun gaji amincin da masu sauraro suka daɗe suna ba rediyo. Shirye-shirye irin su Lafiya Zinariya na BBC da Lafiya Jari Ce na RFI sukan gayyato likita Bahaushe ya yi bayani da bakinsa, ana kuma iya sauke muryar a tura wa wani ta WhatsApp. Wannan ya dace da al'ummar da sauraro ya fi yawa a cikinta bisa karatun boko.

Rauninsu shi ne labari suke bi. Za a yi maganar kwalara idan ta ɓarke, a yi ta ciwon suga idan ranarsa ta duniya ta zagayo a 14 ga Nuwamba. Wanda ya wayi gari da tambaya a kan farfaɗiya sai ya yi sa'a ya tarar an taɓa yin shiri a kanta, kuma ya iya gano inda aka ajiye shi.

3.5 Shafukan Ƙungiyoyin Masu Fama da Cuta

Akwai shafukan da masu wata cuta ko iyalansu suka kafa domin taimakon juna. A Nijeriya akwai gidauniyar masu sikila da ke Legas, da ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Akwai kuma Elysium, ƙungiyar waɗanda suka warke daga cutar noma mai cin fuska, wadda ɗaya daga waɗanda suka kafa ta, Mulikat Okanlawon, a asibitin noma na Sakkwato aka yi mata aiki. Abin da irin waɗannan shafuka ke bayarwa likita ba ya iya ba da shi, wato shaidar wanda ya ɗanɗana. Sai dai mafi yawansu da Ingilishi suke. Abin da ya fi kama da su a Hausa shi ne zaurukan WhatsApp da Facebook na iyayen masu sikila ko na mata masu ciki, inda shawara mai kyau da marar kyau ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai tacewa.

3.6 Shafukan Masu Sayar da Magani

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ya san motar mai magani da lasifika a kanta, yana jero cututtuka goma sha da kwalba ɗaya za ta kawar. Wannan sana'a ce ta koma intanet, kuma ita ce ta fi kowane kashi yawa da harshen Hausa. Ana samun ta a Facebook da TikTok da YouTube, da ƙananan shafuka masu ɗauke da kanu irin na maganin sanyi ko basir ko ƙarfin maza ko kayan mata. Wasu na gargajiya ne, wasu na abin da ake kira magungunan Musulunci irin su habbatus sauda da zuma da man zaitun, wasu kuma dillalan kamfanonin ƙarin kuzari ne na ƙasashen waje.

Dole a yi musu adalci ta fuska ɗaya, sun fi kowa sanin mai saurarensu. Hausarsu ta kasuwa ce mai daɗin ji. Suna kiran ciwo da sunan da mutane suka san shi, su siffanta shi yadda mai shi zai ce lalle da ni ake. Suna faɗin farashi, su ba da lambar waya, su aiko da kaya ta motar haya har tashar Ƙaura ko Shinkafi. Suna amsa tambayar kunya a asirce. Wato dukkan buƙatun da aka lissafa a 3.1 suna ƙoƙarin amsa su, ban da guda ɗaya. Da wuya a ji mai talla ya ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti.

A nan ne haɗarin yake. Ko da maganin bai cutar da kansa ba, yana cinye lokaci da kuɗi. Matar da ke zubar jini bayan ta daina al'ada, aka ce mata sanyi ne, za ta iya shafe wata shida tana shan jiƙo, alhali alama ce da ya kamata a bincika ko ciwon dajin mahaifa ne. Mai ciwon suga da aka yi wa alkawarin warkewa kwata-kwata yana iya ajiye ƙwayoyinsa. Yawancin masu tallan kan nuna lambar hukumar NAFDAC a matsayin hujja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, lambar da hukumar ke ba magungunan gargajiya a matakin farko, mai ƙarewa da harafin L, tana nuna an duba cewa maganin ba guba ba ne. Ba ta nuna an tabbatar yana warkar da abin da aka ce. Shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, amma da Ingilishi ake rubutawa, da ƙananan haruffa. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ta ɓullo da tsarin kankare lamba a aika saƙon tes domin gane jabun magani a 2010, tana kuma da rajistar magunguna a intanet. Duka biyu suna buƙatar karatun boko da sabis.

Ba intanet ce ta ƙirƙiro jita-jita a kan lafiya ba. A 2003, tun kafin wayar hannu ta yawaita, zargin cewa allurar shan-inna na hana haihuwa ya sa aka dakatar da ita a wasu jihohin Arewa, har da Kano da Zamfara, kuma gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 na daga abin da ya ba zargin ƙarfi. Abin da intanet ta ƙara shi ne sauri. A watan Agustan 2014, cikin dare ɗaya, saƙon cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola ya karaɗe Nijeriya ta waya, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Ya kamata a tuna cewa abin da ya taimaka wajen kwance zargin shan-inna shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

An taɓa samun wata gidauniya a Janeba mai ba shafukan lafiya tambarin inganci da ake kira HONcode, tun daga 1996, amma ta rufe wannan aiki a ƙarshen 2022. Ko a lokacin da take aiki, tambarin bai shafi irin waɗannan shafuka na Hausa ba. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne ya tambayi kansa wa ya rubuta, yaushe aka rubuta, kuma me ake so ya saya.

3.7 Fassarar Inji da Matsalar Sunayen Cututtuka

Kashi na ƙarshe shi ne na shafukan da ba na lafiya ba ne kai tsaye amma ake neman lafiya a cikinsu, kamar Wikipedia ta Hausa, da manhajar fassara ta Google wadda ta shigar da Hausa a 2013, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya da suka yawaita tun daga ƙarshen 2022. Ana sa ran waɗannan za su cike giɓin da ke tsakanin shafukan hukumomi da Bahaushe. Suna taimakawa, amma suna tuntuɓe a wuri guda, wato sunayen cututtuka.

Dalili kuwa shi ne, Bahaushe yakan raɗa wa ciwo suna ne daga alamarsa ko daga abin da ake zaton ya kawo shi, likita kuma daga ƙwayar cuta ko gaɓar da ta kamu. Kalmar shawara tana ɗaukar rawayar ido ta jariri sabon haihuwa, da ciwon hanta, da zazzaɓin da sauro ke kawowa mai allurar rigakafi, da rawayar idon mai sikila. Huɗun nan maganinsu da haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Kalmar sanyi ta haɗa cututtukan saduwa da na mafitsara da ƙaiƙayin da ba ya da alaƙa da saduwa, wani lokaci har da ciwon gaɓoɓi. Basir ya wuce tsiron dubura, ya haɗa da kumburin ciki da ciwon baya da raunin namiji. Zazzaɓi kuwa alama ce kawai, amma a bakin mutane ya zama ɗaya da malariya, shi ya sa ake sayen maganinta ba gwaji, alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da magani, kuma gwajin gaggawa ba ya wuce minti 20.

Misalin da ya fi tsanani shi ne na ciwon daji. Yau kalmar ta zauna a kan kansa. Amma a ƙasar Sakkwato da Zamfara ana kiran cutar noma da wannan suna, wasu kuma su ce ciwon iska. Noma tana farawa ne daga dasashin yaro mai tamowa, ta ci kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba sukan mutu. Amma idan aka kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su. To, idan ɗan'uwan uwar yaron ya rubuta ciwon daji a waya, bayanin kansa zai fito masa, da maganar gashi da tiyata da kuɗi masu yawa. Iyali na iya karaya su zauna gida, alhali kwana biyu ko uku ne tsakanin ceton fuskar yaron da rasa ta. A ra'ayin wannan bincike, wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masana Hausa daidai da yadda ya rataya a wuyan likitoci. Ƙirƙiro sabuwar kalma ba ta wadatar ba, sai an bi kowane suna na gargajiya an nuna cututtukan da ke ƙarƙashinsa, da alamar da ke raba su.

3.8 Lokacin da Aka Katse Sabis

Dukkan abin da aka faɗa a sama ya ginu ne a kan samun sabis da caji da kuɗin data. A farkon watan Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. An kuma rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da man fetur. An ce mako biyu za a yi. Sai a farkon Oktoba aka maido da sabis a Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da jira.

Wannan ya zo daidai da shekarar da kwalara ta yi ɓarna mai yawa a Nijeriya, inda aka ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ya kuma zo a ƙarshen damina, lokacin da malariya da tamowa ke kai ƙololuwa. A waɗannan makonni babu shafin hukuma, babu na mai talla, babu saƙon murya daga ɗan'uwa na Legas, babu ma damar kiran lambar kyauta ko kiran mai mota. Majinyacin Jangeru ya koma ga rediyonsa mai batir, da sanarwar masallaci, da mai kemis, da ma'aikacin ƙaramin asibiti idan yana nan.

Akwai wani ɗan abu da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi a wannan yanki, wanda ya cancanci a ajiye shi kusa da shafukan da aka tattauna. Zare ne na roba mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ja zai nuna, a kai yaro asibiti a ranar. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, yana buƙatar kulawa. Sama da haka kore ne. A wurare da dama ana koya wa iyaye mata yin awon da kansu a gida, kuma koyon ba ya ɗaukar dogon lokaci. Babi na huɗu zai ɗauki sunayen cututtuka da aka taɓo a 3.7 ɗaya bayan ɗaya, ya dubi yadda ake amfani da su a karin harshen Zamfara.